Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiya da Karaban a Garuruwan Jejin Ostareliya

A kowace shekara, da zarar zafi ya fara sauka a watan Mayu, dubban mutanen Ostareliya sukan ɗaura karaban a bayan motocinsu su nufi tsakiyar ƙasar, wato yankin da suke kira autbak, inda garuruwa suke nesa da juna, ƙasa take ja kamar jan burji, mutum kuma yakan yi tafiyar sa'a guda bai ga gida ba. Da yawansu tsofaffi ne da suka ajiye aiki, amma akwai matasa da baƙi daga ƙasashen waje da sukan haɗu da abokansu su yi hayar mota su bi sahu. An gina mafi yawan amsoshin da ke ƙasa a kan babbar hanyar Stuart, wadda ta ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa, domin ita ce hanyar da mai zuwa karon farko ya fi bi.

Mene ne karaban, kuma me ya raba shi da motar kwana?

Karaban ɗaki ne mai tayoyi da ake ja da mota kamar tirela, a cikinsa akwai gado da wurin girki da firji da tankin ruwa, wasu ma har da banɗaki da wurin wanka. Asalin kalmar tana nufin ayari, irin na fatake masu raƙuma, kafin a mayar da ita sunan wannan ɗaki. Motar kwana kuwa injinta da ɗakinta a haɗe suke. Amfanin karaban shi ne ana iya kwance shi a bar shi a zango, a ɗauki motar kaɗai a tafi kallon wurare a dawo da yamma, alhali mai motar kwana dole ya tattara tukwane da shimfiɗu duk lokacin da zai motsa, ko da sayen burodi ne zai kai shi. Sai dai jan karaban yana buƙatar ƙwarewa, musamman wajen yin baya da shi, kuma baƙon da ya zo daga waje zai fi samun hayar motar kwana cikin sauƙi, domin mai hayar karaban sai ya nemi motar da za ta iya jan sa. Doka ta hana kowa zama a cikin karaban yayin da ake tafiya, saboda haka yawan kujerun motar shi ke ƙayyade yawan abokan tafiya.

Wace hanya ce ta fi dacewa da waɗanda ba su taɓa zuwa ba?

Hanyar Stuart ta tashi daga Port Augusta, mai nisan kimanin kilomita 300 arewa da Adelaide, ta ƙare a Darwin bayan kusan kilomita 2,700. An sa mata sunan John McDouall Stuart, wanda ya ratsa ƙasar daga kudu zuwa gaɓar arewa a 1862, kuma a kan sawunsa aka kafa turakun wayar tangaraho da aka kammala a 1872. Duk hanyar kwalta ce, akwai gidajen mai da suka haɗa da wurin cin abinci da masauki a tsakanin garuruwa, kuma ba a rasa motoci masu wucewa. Daga kudu, za a bi ta Woomera, garin da aka kafa a 1947 domin gwajin rokoki, inda har yanzu aka jera tsofaffin rokoki da jirage a fili ana kallo, sai Glendambo, Coober Pedy, Marla, Alice Springs, Tennant Creek, Katherine, sannan Darwin.

Hanyoyin da suka fi daɗin labari, irin su Oodnadatta da Birdsville, ba su da kwalta, gargada ce da tsakuwa mai yanka taya, kuma ruwan sama kaɗan yakan sa hukuma ta rufe su. Yawancin kamfanonin haya sun haramta shiga irin waɗannan hanyoyi da karaban na kwalta, wanda ya saɓa kuwa inshorarsa ba za ta biya komai ba. Wajibi ne a karanta wannan sashe na yarjejeniyar haya da kyau kafin a sa hannu.

A wane lokaci ya kamata a tafi?

Tsakanin Mayu da Satumba. Ostareliya tana kudancin duniya, shi ya sa sanyinta yake faɗowa a Yuni da Yuli da Agusta, zafinta kuma a Disamba da Janairu. Zafin tsakiyar ƙasar ba abin wasa ba ne: a Oodnadatta an auna digiri 50.7 a ranar 2 ga Janairun 1960. A watannin sanyi rana tana da daɗin yawo, amma da dare a Alice Springs sanyi yakan kai ga daskarar da ruwa, don haka wanda ya zo da tunanin cewa hamada zafi ce kawai zai kwana yana rawar ɗari. A can arewa, wajen Katherine da Darwin, damina tana kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu, koguna su cika su yanke hanyoyi.

Kwana nawa ake buƙata, kuma kilomita nawa ya dace a yi a rana?

A nan ne mafi yawan masu shiri suke yin kuskure, domin taswira tana ruɗi. Daga Port Augusta zuwa Coober Pedy kimanin kilomita 540 ne, daga can zuwa Alice Springs kusan 690, daga Alice Springs zuwa Darwin kuma wajen 1,500. Dutsen Uluru, wanda mutane da yawa suke ɗauka yana bayan garin Alice Springs, yana da nisan kimanin kilomita 450 daga gare shi. Mai jan karaban bai cika wuce kilomita 90 zuwa 100 a sa'a ba, ko da doka ta yarda da fiye da haka, domin iska mai kaɗowa daga gefe tana iya sa karaban ya fara lilo a bayan mota. Idan aka haɗa da tsayawar shan mai, da salla, da cin abinci, da hutun da ake so direba ya yi duk bayan sa'a biyu, kilomita 300 zuwa 400 sun isa aikin yini ɗaya.

Da wannan lissafi, mako uku shi ne mafi ƙarancin abin da zai bari a je daga Adelaide zuwa Darwin a kuma ga wani abu a hanya. Wanda yake da kwana goma kawai ya fi masa alheri ya zaɓi rabi, misali daga Adelaide zuwa Alice Springs da Uluru, ya bar sauran sai wani jiƙon. Ayarin da ya dage sai ya cinye hanyar duka cikin gaggawa zai dawo da hotunan kwalta da gidajen mai, ba tare da ya zauna da mutanen ko gari ɗaya ba.

Wane lasisi ake buƙata, kuma me ya kamata a sani game da nauyi?

Lasisin tuƙin ƙaramar mota ya isa ga motar da nauyinta da kaya bai wuce tan 4.5 ba. Baƙo yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa na ɗan lokaci, idan kuma ba da Turanci aka rubuta shi ba, kamar na Nijar ko Chadi, sai ya haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa ko fassarar da hukuma ta amince da ita. Ana tuƙi ne ta hannun hagu, sitiyari yana dama, abin da ke buƙatar kwana ɗaya ko biyu kafin hannu ya faɗa, kuma an fi mantawa da shi da safe lokacin fitowa daga zango zuwa hanyar da babu kowa.

Game da nauyi, kowace mota tana da iyakar abin da za ta ja, kowane karaban kuma yana da faranti da aka rubuta iyakar nauyinsa. Tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birkinta, wadda ta haura kilo 2,000 kuma sai da birki mai kama kansa idan ta tsinke daga mota. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankuna biyu cike, da tukwanen gas, da kayan abincin mutum huɗu, suna iya ƙetare iyaka tun ba a sa akwatuna ba. Kaya masu nauyi ana ajiye su ƙasa-ƙasa a saitin tayoyi. Idan aka tara su a can baya, karaban zai yi ta kaɗa wutsiya.

Yaya batun mai da ruwa?

Ƙa'idar masu bin hanyar ita ce a cika tanki a duk inda aka ga famfo, ko da bai kai rabi ba. Tsakanin Glendambo da Coober Pedy akwai kimanin kilomita 250 da babu gidan mai ko ɗaya, tazarar da ta ɗara ta Kano zuwa Kaduna, kuma motar da ke jan karaban tana shan mai sosai fiye da yadda ta saba, musamman idan tana fuskantar iska. Kuɗin lita yana ƙaruwa gwargwadon nisa daga gaɓar teku, saboda haka mai ne zai cinye kaso mafi girma na kuɗin tafiya. A wasu wurare na tsakiyar ƙasar za a tarar da fetur mai suna Opal maimakon wanda aka saba da shi. An rage masa sinadarin da ke bugarwa domin hana matasa shaƙa, kuma yana aiki a injin da ke shan fetur na yau da kullum.

Ruwa kuwa a lissafa aƙalla lita huɗu zuwa biyar na sha ga kowane mutum a rana, ban da na girki da alwala da wanka, sannan a ware jarkoki na kwana biyu ko uku waɗanda ba za a taɓa ba sai an shiga matsala. Gara a raba shi a jarkoki da yawa da a dogara da tanki ɗaya, domin dutse ɗaya da ya fasa bututun ƙasan karaban ya isa ya zubar da shi duka ba a sani ba. Ruwan garuruwa da yawa daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, wani mai gishiri-gishiri, wani mai warin kibiritu, kuma a Coober Pedy sayen sa ake yi a famfo na musamman.

Mene ne haɗarin da ya fi yawa a kan hanya?

Dabbobi da gajiya. Kangaru da jiminar Ostareliya da shanu da raƙuman daji suna fitowa kan kwalta da asuba da kuma bayan faɗuwar rana, kuma mafi yawan gonakin kiwo ba su da shinge a gefen hanya. Shi ya sa gogaggun matafiya suke isa zango tun da la'asar, ba sa yarda duhu ya same su a tafe. Da rana kuma manyan mikiyoyi sukan sauka kan mushe a tsakiyar hanya, suna da nauyin tashi, don haka sai a rage gudu a yi musu oda tun daga nesa.

Sai kuma jerin tireloli da kai ɗaya ke ja, waɗanda tsawonsu yakan kai mita 53.5. Wuce irin wannan mota yana buƙatar miƙaƙƙiyar hanya ta fiye da kilomita ɗaya da ake hangen ƙarshenta, kuma mai jan karaban ya fi dacewa ya haƙura da wucewa. Idan ita ce ta zo daga baya, kada a taka birki ko a sauka gefe kwatsam. A riƙe gudu yadda yake har sai ta fito ta daidaita, sannan a ɗaga ƙafa daga totur. Rediyon oba-oba yana da amfani ƙwarai a nan, direbobin manyan motoci suna kan tasha ta 40, masu karaban kuma sukan yi hira a ta 18.

A ina ake kwana?

Kusan kowane gari da kowane gidan mai na hanya yana da filin karaban da ake biya, inda ake samun wutar lantarki da ruwa da banɗaki da injin wanki. Akwai kuma wuraren hutawa na kyauta a gefen hanya da aka yarda a kwana a wasunsu, sai gandun dajin gwamnati da ake yin rajista ta intanet kafin a isa. A Yuni da Yuli wurare irin su Yulara, garin masaukin baƙi da ke kusa da Uluru, suna cika, sai an kama wuri tun da makonni. Ƙazantar banɗakin karaban ba a zubar da ita sai a ramukan da hukuma ta tanada a garuruwa.

Me ake kallo a Coober Pedy?

Gari ne da ba shi da kama. An gano dutsen ado na opal a wurin a 1915, tun daga lokacin mutane daga ƙasashe da dama suka yi ta zuwa haƙa, har kewayen garin ya cika da tsibin farar ƙasa kamar jerin suri. Saboda zafi, da yawa daga cikin mazauna sun fafe gidajensu a cikin tudu, inda ɗaki yake zama da sanyi daidai misali rani da hunturu ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. Akwai otal-otal da coci-coci da gidajen tarihi duk a ƙarƙashin ƙasa, kuma ya dace abokan tafiya su bar karaban dare ɗaya su kwana a irin wannan ɗaki, inda babu taga, babu ƙara, idan an kashe fitila mutum ba ya ganin tafin hannunsa. An ware wani fili a cikin gari inda baƙi suke tonon tarkacen haƙa da hannu ko za su dace da ɗan ƙyalli. A wajen gari kuwa akwai ramuka masu zurfi da ba a rufe ba, allunan gargaɗi ma suna hana mutum yin baya-baya yayin ɗaukar hoto.

Kimanin kilomita 30 arewa da garin akwai tsaunukan Kanku-Breakaways masu launin fari da ja da rawaya, kusa da su kuma shingen da aka yi domin tsare tumaki daga karen daji dingo ya wuce, shingen da tsawonsa ya haura kilomita 5,000.

Ana iya hawa dutsen Uluru?

A'a. An rufe hawansa tun ranar 26 ga Oktoban 2019, ranar da ta yi daidai da cika shekara 34 da mayar da mallakar wurin ga mutanen Anangu, 'yan asalin yankin, a 1985. Sun daɗe suna roƙon baƙi su daina hawa saboda matsayin dutsen a al'adarsu, kuma mutane da dama sun rasa rayukansu a kansa. Ba a yi asarar komai ba da wannan hani, domin abin kallon yana ƙasa: dutsen ya tashi mita 348 daga shimfiɗaɗɗen fili, hanyar da ta kewaye gindinsa kuma ta kai wajen kilomita goma, tana bi ta kogwanni masu zane da tafkin da ruwan sama ke taruwa. A wasu sassa an sa alamar hana ɗaukar hoto, kuma ana sa ran baƙo ya kiyaye. Ba a kwana a cikin gandun, sai a Yulara da ke bakinsa, kuma ana sayen takardar shiga.

A kan hanyar zuwa, bayan an bar Stuart a Erldunda, za a hango wani dutse mai shafaffen kai daga nesa, kuma kusan kowane ayari sai wani ya yi shelar an iso. Wannan Mount Conner ne, Uluru yana gaba da fiye da kilomita ɗari. Duwatsun Kata Tjuta guda 36 suna cikin gandun ɗaya da Uluru, wasu matafiya ma sun fi son su. Kwazazzabon Kings Canyon kuma yana da hanyar kilomita shida a kan bakinsa, wadda take farawa da hawa mai tsanani. A ranakun da aka yi hasashen zafi zai kai digiri 36 ana taƙaita shiga waɗannan hanyoyi, don haka a fita da sassafe, da lita ɗaya ta ruwa ga kowace sa'a ta tafiya, da ragar rufe fuska saboda ƙudaje.

Alice Springs wurin wucewa ne ko wurin zama?

Ya cancanci kwana uku aƙalla. Nan ne za a duba mota, a cika firji, a kuma ga yadda mutane suka shawo kan nisa. Tsohuwar tashar tangaraho tana nan a gefen gari. Akwai cibiyar likitocin jirgin sama, hidimar da John Flynn ya kafa a Cloncurry a 1928 domin kai likita ga wanda asibiti ya yi wa nisa, kuma har yau an ware wasu sassan hanyar Stuart domin saukar jiragensu. Akwai makarantar da ta fara koyar da yaran gonakin kiwo ta rediyo a 1951, yanzu kuma ta intanet. A yamma da garin, tsaunukan MacDonnell suna da mashigai da tafkuna irin su Simpsons Gap da Ormiston Gorge, ruwansu da sanyi ƙwarai. Masu sayen zanen 'yan asalin ƙasa su nemi cibiyoyin da masu zanen suka mallaka, domin a nan ne kuɗin yake isa hannun mai aikin.

Gaskiya ne akwai tsofaffin masallatai a cikin jejin?

Gaskiya ne, kuma tarihinsu yana da alaƙa da ayari na ainihi. Daga shekarun 1860 aka riƙa shigo da raƙuma tare da masu kora su daga Afganistan da Balucistan da Punjab da Sindh, mafi yawansu Musulmi, Turawa kuma suka haɗa su duka suka kira su 'yan Afgan. Su ne suka yi dakon kayan aikin tangaraho da na layin dogo, suka kai gari da shayi gonakin kiwo, suka dawo da ulu, a lokacin da doki da sa ba sa jure ƙishirwar hanyar. Sun kafa unguwanni a gefen garuruwa irin su Marree da Broken Hill da Oodnadatta. A Marree an sake gina masallaci na laka da rufin ciyawa irin wanda suka yi salla a ciki, a Broken Hill masallacinsu na kwano yana nan an adana shi, babban masallacin Adelaide kuwa da aka gina a ƙarshen shekarun 1880 har yau ana salla a cikinsa. Da manyan motoci suka karɓe aikin a shekarun 1920 da 1930, sai aka saki raƙuman a daji, jikokinsu ne ake gani suna yawo a yau. Jirgin ƙasan da ke bin wannan hanya, The Ghan, sunansu ya ci. Marree ba ta kan hanyar Stuart, ana zuwa ne ta tsaunukan Flinders daga Port Augusta, amma ratse ne da ya cancanci kwana biyu.

Yaya Musulmi zai yi da salla da abinci?

Alƙibla a Ostareliya tana yamma ne da ɗan karkata zuwa arewa, abin da yakan ba wanda ya saba fuskantar gabas mamaki a ranar farko. A sauke manhajar lokutan salla da ke aiki ba tare da sabis ba, ko a riƙe kamfas. Akwai masallatai a Adelaide da Alice Springs da Darwin, kuma a manyan garuruwan ne za a sayi naman halal a daskarar da shi, domin gidajen mai na hanya ba su cika samun sa ba. Kifin gwangwani da ƙwai da wake da shinkafa suna rufa asiri. Kada a yi guzurin kilishi ko dambun nama daga gida, domin dokar shigo da abinci tana da tsanani, duk wani abin ci ko iri ko ganye dole a bayyana shi a filin jirgi. Ko a cikin ƙasar ma, an hana ƙetare wasu iyakokin jihohi da ɗanyun 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, musamman shiga Ostareliya ta Kudu.

Ta yaya abokai za su kauce wa saɓani?

Mutum huɗu a ɗaki ɗaya mai faɗin mita biyu da ɗoriya har tsawon mako uku jarrabawa ce ga kowace abota. Fatake ba su tafiya sai da madugu, kuma wannan ayarin ma yana buƙatar wanda maganarsa za ta zama ta ƙarshe a kan lokacin tashi da wurin kwana, ko da za a riƙa karɓa-karɓa. A naɗa ma'aji tun daga gida, kowa ya zuba kuɗi daidai a asusu ɗaya na mai da zango da cefane, abin da mutum ya saya don kansa kuma ya fita daga aljihunsa. A yi maganar kuɗin da kamfanin haya zai cire idan an yi ɓarna tun kafin a yi ta, a kuma rubuta sunan duk wanda zai yi tuƙi a yarjejeniya.

Idan motoci biyu ko uku ne, a bar tazara mai yawa a tsakani domin masu wucewa su sami wurin shiga, a kuma amince cewa mai tafiya a hankali shi ke gaba. Yana da kyau duk bayan kwana huɗu ko biyar a sami yinin da ba a tuƙi, wanda yake son gidan tarihi ya tafi, wanda yake son wanki da barci ya zauna. Mafi yawan rigimar tafiya daga yunwa da gajiya take tasowa, kuma takan lafa bayan an sauke tukunya.

Idan mota ta lalace ko wani ya kamu da ciwo fa?

Kada a bar motar. Ita ce inuwa, a cikinta ruwa yake, kuma ita masu nema suke fara hangowa daga sama. Waɗanda suka halaka a jejin da yawansu sun tafi neman taimako ne da ƙafa. Lambar gaggawa ita ce 000, amma sabis ɗin waya yana ɗaukewa jim kaɗan bayan an fita gari, ko da layin Telstra ne wanda ya fi sauran kaiwa nesa, don haka ayarin da zai bar kwalta ya yi hayar wayar tauraron ɗan'adam ko na'urar aika siginar neman ceto. A sanar da wani amintacce hanyar da za a bi da ranar isa. A riƙe safaya mai kyau ta mota da ta karaban, da jak, da ma'aunin iska. Idan maciji ya sari mutum, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a wankewa. Ana naɗe gaɓar duka da bandeji mai matsewa, a ɗaure ta da sanda, a hana shi motsi har taimako ya iso. Baƙo kuma ya sayi inshorar lafiya ta tafiya, domin kuɗin asibiti yana da yawa ga wanda ba ɗan ƙasa ba.

Ana shiga garuruwan 'yan asalin ƙasa yadda aka ga dama?

Ba a ko'ina ba. Wani babban ɓangare na Yankin Arewa, wato yankin mulkin da Alice Springs da Darwin suke ciki, mallakarsu ne a doka, kuma barin babbar hanya zuwa cikinsa yana buƙatar izini daga majalisar filaye ta yankin. An haramta shiga da giya a da yawa daga cikin waɗannan garuruwa, kuma ba a ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa.

Me ya rage daga Alice Springs zuwa Darwin?

Kimanin kilomita 100 kafin Tennant Creek akwai Karlu Karlu, manyan duwatsu mulmulallu da suka hau kan juna kamar an ɗora su da hannu, da filin kwana a gefensu. Tennant Creek garin zinariya ne tun shekarun 1930, kaɗan gaba da shi kuma hanya ta rabu zuwa jihar Queensland ga mai son ganin Winton, inda aka kafa kamfanin jirgin sama na Qantas a 1920, da Longreach mai gidan tarihinsa. Wanda ya miƙe arewa zai ga ƙasa ta fara yin kore, suri ya yi tsawo, iska ta yi laima. A Mataranka akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi a ƙarƙashin itatuwa masu kama da giginya, inda ake jiƙa jikin da ya sha zaman mota, a Katherine kuma ana shiga kwalekwale a mashigan Nitmiluk guda 13 na mutanen Jawoyn. Daga wannan yanki zuwa gaɓar teku akwai kadoji masu cin mutum a koguna da fadamu, don haka ba a wanka ko alwala a bakin ruwa sai inda allon hukuma ya ce an buɗe. Daga Katherine zuwa Darwin kimanin kilomita 320 ne, kuma ayarin da ba zai koma kudu da motar ba ya tabbata tun a Adelaide cewa kamfanin yana karɓar ta a Darwin, ya kuma ji nawa ne kuɗin barin ta a can.